Shekara 14 suna kan gaba, kofi ɗaya tak: lacca kan Atlanta Braves

Assalamu alaikum. Na bayan nan kuna jina? To madalla. Dalilai uku na zo da su kan abin da ya sa Atlanta Braves suka ci kofi ɗaya tak a shekara 14, in lokaci ya bari.

Na san yawancinku 'yan ƙwallon ƙafa ne, don haka bari in share fage. A besbol na Amurka, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya. 162, ba 38 ba! Amma wanda ya fi kowa cin wasa ba shi ake miƙa wa kofi ba. Sai an sake shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, a ƙarshe ƙungiya biyu su kara a World Series, wanda ya riga cin huɗu cikin bakwai shi ne zakara.

To, Atlanta Braves. Daga 1991 zuwa 2005 sun zo na ɗaya a rukuninsu sau 14 a jere, a hannun koci ɗaya, Bobby Cox. Masu jifansu kuwa, wato masu jefa wa mai sanda ƙwallo, Greg Maddux, Tom Glavine, John Smoltz, su ukun nan sun kwashi kyautar Cy Young ta gwanin jifa sau shida tsakanin 1991 da 1998 suna sanye da rigar Atlanta. Sun kai wasan ƙarshe sau biyar. Kofi nawa? Ɗaya. 1995, a kan Cleveland. Shi ke nan.

Dalili na farko, doguwar kaka daban, mako guda daban. Wanda ya cika rumbu da gero ya fi ƙarfin yunwar shekara, amma ba lallai ya ci gasar tuwon dare ɗaya ba. A wata shida, yawan gwanaye ne ke aiki. A wasa bakwai, abokin karawarka gwanayen jifa biyu kawai yake buƙata su tashi da ƙafar dama.

Bari in ba ku 1991, don ni wannan wasan har yau yana hana ni sakat. Wasa na bakwai, a Minneapolis, da Minnesota Twins. Smoltz yaro matashi a gefe guda, Jack Morris tsohon hannu a ɗaya gefen. An kai zagaye na takwas, babu ci ko ɗaya. Lonnie Smith na Atlanta yana tasha ta farko; sai ɗan wasa ya bi tasha uku ya dawo gida ake samun maki. Abokin wasansa Terry Pendleton ya maka ƙwallo can nesa, ta faɗi tsakanin masu tsaron fili. Ko ni da wannan tumbin da na yi ƙoƙarin kaiwa gida. Alhaji, daina dariya, na ce ƙoƙari. Smith ya kwasa da gudu, yana zuwa tasha ta biyu sai ya ja birki. Ya tsaya yana waige! 'Yan Twins biyu, Knoblauch da Gagne, sun yi kamar ƙwallon tana hannunsu, alhali tana can bakin katanga. Wasu sun ce wannan ce ta ruɗe shi, shi kuma ya ce ƙwallon ce ta ɓace masa. Ko ma wanne ne, a tasha ta uku ya ƙare. Kuma ku lura, ba a fitar da kowa ba tukuna, ga shi sai an fitar da uku damarsu ta zagayen ke ƙarewa, mutum biyu na bakin ci, amma aka tashi zagayen babu maki. Morris ya yi jifa zagaye goma cur, Twins suka ci ɗaya da nema. Daƙiƙa biyu na waige, jama'a. Daƙiƙa biyu bayan wata shida.

Ina muka tsaya? Na uku ko? A'a, na biyu. Masu rufe wasa, wato waɗanda ake sakowa a ƙarshe su riƙe abin da aka tara. A 1996 sun je har New York sun ci Yankees biyu na farko, a wasa na huɗu suna gaba da shida ba ko ɗaya, Yankees suka rama uku, sannan ɗan wasansu Jim Leyritz ya maka jifan Mark Wohlers, mai rufe wa Atlanta wasa, bayan katanga, maki uku, aka yi kunnen doki, daga nan ba su ƙara cin wasa ba. 1992 Toronto ce ta doke su, 1999 kuma Yankees suka ci su huɗu ba ko ɗaya. Waɗannan ba sai na tsaya ba.

Na'am, Malama? Ɗaga murya. Tana cewa daga 1991 zuwa 2005 ai shekara 15 ce, ina ɗayar? Kin kama ni. 1994 ce. 'Yan wasa suka shiga yajin aiki ranar 12 ga Agusta, aka soke World Series, abin da ba a gani ba tun 1904. Kuma a lokacin ba Atlanta ce kan gaba ba, Montreal Expos ce ta Kanada, ta ci 74 ta sha kashi 40, ta fi kowa a shekarar. Su kam ko damar faɗuwa ba su samu ba. Da aka dawo babu kuɗi, sai suka rabu da manyansu. Marquis Grissom ya koma Atlanta, shi ya cafke ƙwallon ƙarshe da ta ba su kofin 1995. John Wetteland ya koma Yankees, shi ya rufe wasa huɗun nan na 1996 a kan Atlanta. Expos kuma a 2005 aka kwashe ta zuwa Washington. Na uku sai wani zaman, ga ladan can yana gyara murya.