Daga Garwar Mai Zuwa Motar Turi: Tarihin Masu Yi wa Jirgin Sama Hidima a Ƙasa

Ku leƙa ta tagar nan. Jirgi ya sauka yana gangarowa a hankali, ga wani mutum tsaye a gabansa da sanduna biyu masu haske, yana yafito shi. Ya ɗaga hannuwa sama ya gicciya sandunan, jirgi ya tsaya cak. Tun fasinja bai gama kwance bel ɗin kujerarsa ba, an sa wa tayoyi waigi, an jona wayar lantarki a ƙarƙashin hancin jirgin, an buɗe ƙofar kaya, tankar mai ta matso gindin fiffike, masu shara na jira a bakin ƙofa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, jirgi ma haka. Amma kamfani ba ya cin riba da jirgin da ke ajiye, sai wanda ke sama. Shi ya sa tun farkonsa wannan aiki kokawa ce da agogo.

A da can, matuƙi da makanikensa su ne komai. Injin jirgin da 'yan'uwan nan biyu, Wright, suka tashi da shi a 1903, makanikensu Charlie Taylor ne ya ƙera shi. Lokacin da aka fara jigilar fasinja kullum tsakanin Landan da Paris a watan Agustan 1919, filin jirgi fili ne kawai na ciyawa da rumfa. Mai kuwa daga garwa ake tsiyaya shi ta mazurari, a shimfiɗa fata mai laushi a kai don ta tare ruwa da datti. Tada inji sai mutum ya tsaya gaban farfela, ya kama ta da hannu ya murza da ƙarfi, ya yi baya da sauri. Wanda ya yi nawa, hannunsa ne a bakin haɗari. Wannan ne ya sa wani matuƙi ɗan Ingila, Bentfield Hucks, ya ɗora doguwar sandar ƙarfe a kan motar Ford, injin motar ya riƙa juya farfelar a madadin mutum. Tana cikin motocin farko da aka ƙera musamman don yi wa jirgi hidima. Fasinja ma, a wancan zamani, sai ya hau sikeli shi da jakarsa, domin ƙananan jiragen ba sa ɗaukar ganganci.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo motar ɗaga kaya da katakon ɗora lodi cikin filayen jirage. Amma inda aikin ya zama ilimi mai tsari, Berlin ne. A watan Yunin 1948 Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa zuwa Berlin ta Yamma. Mutum fiye da miliyan biyu, abincinsu da gawayin ɗumama ɗakunansu duk sai ta sama. Janar William Tunner na Amurka da aka damƙa wa aikin ya lura da wani abu: ba a sama ake ɓarnar lokaci ba, a ƙasa ne. Matuƙa na sauka su shige ofis neman rahoton yanayi, su tsaya shan shayi, jirgi na zaune. Sai ya hana su barin gindin jirginsu. Mai rahoton yanayi ya zo musu a mota, abinci ma a kawo musu a mota, leburori Jamusawa kuma na sauke buhuna tun inji bai huce ba. Tsayuwar jirgi ta dawo kusan rabin awa. A wata rana ta Afrilun 1949 an yi sawu 1,398 cikin awa 24. Duk abin da kuke gani yau ta taga, na kowa ya zo wa jirgi da aikinsa a lokaci guda, can ya samo tushe mai ƙarfi.

Sai jirage masu injin jet suka shigo. Boeing 707 ya fara jigila tsakanin New York da Paris a 1958, ya fi na baya tsayi da ƙishirwa da ƙara. Aka fara binne bututun mai a ƙarƙashin filin, aka ƙirƙiro gadar nan mai naɗewa da ke manne wa ƙofar jirgi. Da yake jirgi ba ya ja da baya da kansa daga bakin gini, motar turi ta zama dole.

A watan Janairun 1970 Boeing 747 ya fara aiki, da kujeru fiye da ɗari uku. Ku ƙiyasta jakunkunan mutum ɗari uku ana jefa su ɗaya bayan ɗaya. Ba zai yiwu ba. Sai aka yi kwantenonin alminiyam masu yankakkiyar kusurwa, daidai da lanƙwasar cikin jirgi. A cika su tun a cikin gini, na'ura ta ɗaga su, su gangara kan ƙananan tayoyi, a kulle. Shekara biyu bayan haka, ƙaramin kamfanin Southwest a jihar Texas ya shiga matsin kuɗi har ya sayar da ɗaya daga jiragensa huɗu. Ya ƙi rage tafiye-tafiye, ya ce uku za su yi aikin huɗu, in dai kowane jirgi zai sauke ya ɗauka cikin minti goma. Suka kuwa yi. Kamfanonin araha na duniya har gobe wannan darasi suke bi.

Sai dai a nan dole mu dakata, domin sauri na da iyaka. Ranar 3 ga Maris 1974, jirgin saman Turkiyya ƙirar DC-10 ya tashi daga filin Orly na Paris zuwa Landan. Ƙofar kaya ta baya tana da aibi tun daga ƙira: ana iya danne hannunta ta nuna kamar ta kulle, alhali ƙugiyoyin ba su kama ba. Akwai 'yar taga ta leƙa makullin, amma ba a koya wa ma'aikacin da ya rufe ƙofar amfaninta ba, gargaɗin da ke jiki kuma da Turanci da Turkanci aka rubuta, harsunan da ba ya karantawa. Da jirgi ya yi sama, iskar ciki ta fizge ƙofar, daɓen fasinja ya rufta, wayoyin sarrafa jirgi suka tsinke. Mutum 346 suka rasu. Ba na jin adalci ne a ɗora wa wannan bawan Allah laifi. An ba shi ƙofa mai aibi, ba a ba shi horo ba. Abin da ya sa nake ganin kuskure ne babba a kira wannan aiki dako kawai ke nan. Mai rufe ƙofa, mai lissafin inda za a ajiye kowane nauyi don kada jirgi ya rinjaya gaba ko baya, mai wanke ƙanƙara daga fiffike a ƙasashen sanyi, mai tsintar ɗan ƙarfe a ƙasa kada inji ya zuƙe shi, kowannensu rayuka ne a hannunsa.

To, su wa ke ɗaukar waɗannan mutane aiki? Da, kamfanin jirgin ne da kansa, ko hukumar filin. A 1996 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta ce duk filin da ke karɓar fasinja sama da miliyan biyu a shekara ya buɗe ƙofar gasa, kada mai hidima ya zama ɗaya tilo. A shekarar ne aka kafa kamfanin hidimar jirage na Swissport, ga kuma irin su dnata ta Dubai da ta faro tun 1959. Yau sau da yawa mai karɓar jakarku sanye yake da rigar wani kamfani dabam da wanda ya sayar muku da tikiti. Farashi ya sauka, gaskiya ne. Amma kwangila takan tafi ga wanda ya fi araha, kuma a albashin ma'aikaci ake yanko arahar. Da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020 aka sallami ɗimbin ma'aikata, da yawa suka kama wata sana'a ba su dawo ba. A lokacin zafi na Turai a 2022 jakunkuna suka yi tsibi a filaye, har hukumar filin Heathrow na Landan ta ƙayyade masu tashi zuwa mutum 100,000 a rana.

An sha ƙoƙarin maye gurbin mutum da na'ura. Wani wuri an dace: takardar da ake liƙa wa jaka tana ɗauke da lamba goma da kwamfuta ke karantawa, kuma tun 2018 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta wajabta bin sawun jaka a matakai huɗu na tafiyarta. Wani wuri kuwa an sha wuya. Filin Denver na Amurka ya yi jinkirin buɗewa wata 16, galibi saboda na'urar rarraba kaya da ta riƙa yayyaga jakunkuna, a 2005 kuma aka haƙura da ita. Yanzu motocin lantarki na maye gurbin masu shan dizal, har akwai motar turi da ake sarrafawa daga nesa. Duk da haka, ku leƙa cikin Boeing 737. Rufin ɗakin kayan bai kai mutum ya miƙe tsaye ba. A durƙushe wani yake a ciki, yana karɓar jaka mai kilo ashirin da wani abu yana jerawa kamar mai gini, ko ana rana ko ana ruwa.

Ku sake duba taga. An rufe ƙofofi, an janye gada, an cire waigi. Motar turi ta kama tayar gaba tana mayar da jirgi baya, wani ma'aikaci na tafe a gefe da abin magana a kunne, yana sanar da matuƙi cewa bayan inji ba kowa, ya tayar. Sun tsaya, an kwance motar. Ya sunkuya ya zare wani ɗan ƙarfe mai jan ƙyalle daga tayar gaba, wanda muddin yana ciki sitiyarin matuƙi ba ya aiki. Ya taka zuwa inda matuƙi zai hango shi, ya ɗaga ƙarfen sama. Sai matuƙi ya gani da idonsa sannan zai motsa. Ya ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga, sannan ma'aikacin ya juya da sauri, domin ga wani jirgin can ya kunno kai.