Minti Shida na Ruwa: Wa Ke Riƙe da Ƴan Kwana-kwanan Maraɗi?

Assalamu alaikum jama'ar Maraɗi, na gida da na tafiya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gobara ya ji wannan magana, in ma ba shi ya faɗe ta ba: "Sai da komai ya cinye sannan suka iso." Wani daga baya ya ƙara da cewa, "Kuma da suka zo ruwan nasu bai je ko'ina ba." Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba. To yau so nake mu bi jar motar nan tun daga bugun waya har ruwa ya taɓa wuta, mu ga inda lokacin yake zubewa, da kuma aljihun da ke biyan kuɗinsa.

Mu fara da ruwan, tunda shi ne abin gorin.

Irin motar kashe gobara da aka fi amfani da ita cikin birane, tankinta yakan ɗauki wajen lita 3,000. Ku ƙiyasta shi da jarkar mai ga-ruwa ta lita 25: jarka 120 ke nan. Da jin haka sai mutum ya ce ai ruwa ne mai yawa. Sai dai babbar mesa guda tana iya feso lita 500 a minti ɗaya. Ku raba da kanku. Minti shida, tanki ya koma fanko. Ke nan in kun ga ruwa ya yanke wuta tana ci, ba lallai ne da rabin tanki suka taho ba. Haka aka ƙera motar. Ruwan cikinta na buɗe faɗa ne kawai, kafin a jona ta da bakin ruwan gobara, wato famfon nan na musamman da ake kafawa gefen titi saboda irin wannan rana. In babu shi a kusa, ko yana nan amma ƙasa ta binne shi, ko wani ya kafa rumfa a kansa, ko kuwa ana tsakiyar bazara ruwa ba shi da ƙarfi, dole mota ta juya neman inda za ta sha. Tafiya da dawowa, wuta kuma ba ta zauna jiranta ba, balle a hunturu, lokacin da komai ya bushe, iska na kaɗawa, kowane ɗaki da kaskon garwashi.

Tambaya a nan, ku amsa wa kanku: wa ya san inda bakin ruwan gobara mafi kusa da shagonsa yake?

Su wa ke cikin motar? A Nijar ƴan kwana-kwana, waɗanda muke ce wa pompiye, sojoji ne, da horon soja da tsarin soja. Lambarsu 18, kuma kiran kyauta ne. Sunan ya sa muna ɗauka wuta kaɗai ce aikinsu, alhali kuwa yawancin fitarsu ba ta da hayaƙi. Mota ta kife a kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, su ne. Kabu-kabu ya yi karo da adaidaita a hanyar Ɗan Isa, su ne. Yaro ya faɗa rijiya, gini ya rufta, ruwa ya ci unguwa, duk su ake kira.

Mutanen garin nan ba sa bukatar a tuna masu watan Nuwamba na 2021, amma dole mu taɓa shi. Ranar Lahadi 7 ga wata, ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman, wajen Ɗan Isa, mutum 18 suka rasu. Washegari Litinin, 8 ga wata, wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta cikin birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar zuwa shida. Allah Ya ji ƙansu, Ya ƙara wa iyayensu haƙuri. Wata bakwai kafin nan, a Afrilu, irin wannan ta faru a Yamai, yara 20. Abin da nake so mu riƙe daga ranar shi ne, ajin zana yana cinyewa cikin ƴan mintoci. Ko da barikin pompiye yana bayan katangar makarantar, da wuya mota ta riga wutar. Akwai gobarar da ba a cin ta da gudu, sai dai a ci ta tun wurin gini: da me aka yi ɗakin, ƙofa nawa gare shi, akwai ganga cike da ruwa da bokitin yashi a kusa ko babu.

Sannan ga ruwan sama. Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024, an yi ruwan da ya kai wajen milimita 150 cikin kimanin awa ɗaya da rabi, aka rasa rayuka aƙalla 15 a birnin nan, gidaje suka zube. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tayar da tsohon gari daga fadama ya hau tudu. A irin wannan dare kira yana shigowa daga unguwa goma a lokaci guda, ma'aikatan kuwa su ne dai na jiya, ba su ƙaru ba.

To, mu zo kan kuɗi.

Albashin ma'aikata da sayen manyan motoci nauyin gwamnati ne, wani lokaci kuma ƙasashe abokan hulɗa ko ƙungiyoyi su kawo gudummawar mota. Ma'aikatar magajin gari ita ke da tituna, da tsarin kasuwa, da harajin da ake karɓa a hannun ƴan kasuwa. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, jami'an da aka naɗa ne ke riƙe da biranen, amma aikin bai canza ba. Wannan shi ne tsarin a takarda.

Abin da ke kwantar da motar agaji kuwa, sau da yawa ƙaramin abu ne. Taya ta suɗe. Batir ya mutu. Gazuwal ya ƙare ana saura kwana goma wata ya mutu. Ko famfon motar ya lalace, ita kuma kyauta ce daga wata ƙasa mai nisa, duk kasuwar kayan gyara ba mai irin ƙarfenta. Ga kumfar da ake kashe wutar esansi da ita, don wutar mai ba ta jin ruwa, in ka watsa mata sai man ya hau kan ruwan ya bi gari. A birnin da ƴan ruwa-ruwa ke jere da kwalabe a kowace kwana, wasu ma da duro-duro a cikin gida, wannan kumfa ba kayan ado ba ce.

A nan ne nake da ƙorafi a kanmu, kuma cikin girmamawa nake yinsa. Maraɗi gari ne na alhazai masu buɗaɗɗen hannu, kowa ya shaida. In kasuwa ta ƙone, kafin toka ta huce an fara kai jaje: wannan ya aiko da buhunan shinkafa, wancan da bandir na kwano, wani ya yafe bashi. Madalla. Amma hannun namu ya fi saurin buɗewa bayan ta faru. Kuma ko kafin ta faru, mun fi son kyautar da ido ke gani: a sayi motar ɗaukar marasa lafiya, a rubuta suna a jikinta, a yi biki a ɗauki hoto. Ba wanda ke ɗaukar hoto da matatar mai ko taya huɗu. Bayan shekara biyu sai ka tarar da motar a ƙarƙashin dogon yaro, an ɗora ta kan duwatsu, akuya na shan inuwa a gindinta. Alhaji, in za ka ba da mota, don Allah ka haɗa da kuɗin cinta na shekara uku. In ba zai yiwu ba, ka ɗauki nauyin tayoyi da batir na wadda ake da ita. Ladan ba ya raguwa don ba a rubuta suna ba.

Kuma ba sai mun je nesa neman dabara ba, don a fannin lafiya an riga an gwada ta a ƙasar nan. A gundumomin lafiya da dama akwai tsarin ƙarin dala ashirin, wato sefa 100, da mai zuwa ganin likita ke biya a kan kuɗin da aka saba. Ana tara shi gefe guda, a hannun kwamitin da ke kula da gidan likitan, don man motar asibiti da ɗawainiyarta. Amfaninsa yana fitowa ne ranar da mace ta haihu a ƙauye jini ya ɓalle. Irin wannan zubar jini tana iya kashe mace cikin awa biyu. Tun wajen 2005 da 2006 gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma kyautar tana jiran matar ne a babban asibiti. Wa zai kai ta? Da can sai miji ya fita cikin dare neman rance ko mai sayen tunkiya. Dala ashirin ɗin nan ta kowa da kowa ita ke sa direba ya tayar da mota ba tare da an tsaya ciniki ba.

Mu ɗauko wannan tunani mu kawo shi kasuwa. Lissafi ne na misali kawai. A ce kasuwa mai shago 1,000, kowane shago ya ba da dala ɗari, sefa 500, a wata. Jaka 500 ke nan duk wata, miliyan 6 a shekara. Wannan ba zai sayi jar mota ba, kada ma a fara mafarkin. Amma zai gina tankin ruwa a tsakiyar kasuwa wanda ba a taɓa shi sai ranar wuta. Zai sa tukunyar kashe gobara a kowane layi, a riƙa sake cika ta a kan lokaci. Zai biya mai gyaran lantarki na ƙwarai ya bi wayoyin nan da aka yi wa jone-jone kamar saƙar gizo. Zai kuma ɗauki nauyin koya wa masu gadin dare yadda ake amfani da tukunyar, don ƙaramar tukunya ba ta wuce ƴan daƙiƙoƙi take ƙarewa, wanda bai iya ba a iska zai zubar da ita.

Na san abin da wasunku ke faɗa yanzu: wa zai riƙe kuɗin? Gaskiyarku. Asusu nawa aka buɗe a garin nan aka nemi ƙarshensu aka rasa? Matan da ke adashi sun fi mu sanin maganin wannan: kowa ya san abin da aka zuba, kowa ya san ranar ɗauka. A rubuta shiga da fita a allo a ƙofar kasuwa duk ƙarshen wata. Sa hannu uku kafin a fitar da ko dala. Kuma kada a ɗauki tsabar kuɗi a kai bariki, don soja yana da nasa tsarin da na sama da shi. A zauna da shugaban pompiye da hukumar birni, su faɗi abin da ya fi ci masu tuwo a ƙwarya, a saya a miƙa da takarda.

Akwai wani tsoro da ni kaina nake da shi. In jama'a suka saba ɗaukar nauyi, kada hukuma ta ga ta samu sauƙi ta janye hannu. Kada kuma a wayi gari layin manyan ƴan kasuwa yana da tanki da tukwane, tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo, masu matsattsun lunguna, ba su da komai. Gudummawar jama'a ƙari ce a kan haraji, kuma wanda ya biya haraji yana da bakin tambayar nawa aka ware wa agajin gaggawa a kasafin birni na bana.

Saura abin da ba ya cin ko dala, kuma a nan ne mintoci suka fi zubewa.

Hanya. Jiniya na kuka, mai adaidaita ya tsaya tsakiyar titi yana ba da canji. Layin kasuwa da aka bari don mota ta wuce, tebura sun cinye shi sannu a hankali, kowa na cewa taku ɗaya kawai ya ƙara. Ga masu kiran 18 don wasa, suna toshe layi. Ga ƴan kallo, kowa da waya a sama. A watan Mayun 2019, kusa da filin jirgin saman Yamai, tankar mai ta kife, jama'a suka taru ɗibar esansi, ta fashe, mutum fiye da 50 suka mutu a daren. Taron ne ya mayar da haɗarin mota ɗaya makokin gari guda.

Kafin kowace mota ta iso, waɗanda ke wurin su ne masu agajin farko, ko sun so ko ba su so ba: samarin fada, ƴan kabu-kabu, mai shayi. Niyyarsu mai kyau ce, sai dai hannu bai san aiki ba. A ciccibi wanda ya karye a wuya a naɗe shi a bayan babur, a ƙarasa abin da haɗarin ya fara. Wanda ya ƙone a shafa masa man goge haƙori ko ɗanyen ƙwai, alhali abin da yake so ruwa ne mai tsabta, a yi ta kwarara wa wurin har wajen minti 20. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana koyar da irin wannan. Da kowace fada za ta tura mutum biyu su koya, da an ga bambanci. Haka ba da jini: jaka ɗaya ba ta kai rabin lita ba, kuma lokacin damina, da zazzaɓin cizon sauro ke ƙarar da jinin yara, shi ne lokacin da aka fi nemansa.

In kuma ta faru, Allah Ya kiyaye, ka buga 18. Kada ka ce "wuta, wuta, ku zo" ka kashe. Faɗi unguwa, sannan alamar da kowa ya sani: masallacin Juma'a, gidan mai, makaranta, gidan mai unguwa. Faɗi abin da ke ci, zana ce, shago ne, ko akwai esansi ko tukunyar gas a ciki, don su san da abin da za su taho. Faɗi ko akwai mutum a ciki. A kashe lantarki daga mita in ana iya kai wa gare ta. Ka bar wayarka a kunne, za su iya sake kiranka. Sannan ka tura yaro mai wayo ya tsaya bakin kwalta, ya tare motar ya shigo da ita lungun.