Binciken kwantam: inda gwamnatoci ke haɗa hannu, da ƙofar da ɗalibin Katsina zai bi

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan abin da ke rataye, mai faifai-faifai da tarin wayoyi, firji ne. Can ƙasansa ake ajiye ƙwaƙwalwar kwamfutar kwantam, wato kwamfutar da ke lissafi da ɗabi'un ƙwayoyin halitta mafi ƙanƙanta, cikin sanyin da ya kai kusan digiri 273 ƙasa da sifiri. Ɗumi kaɗan ya shiga, lissafi ya watse.

To daga ina kayan suke? Cikin manyan masu ƙera firjin akwai Bluefors na ƙasar Finland. Iskar da ke sanyaya shi, hiliyom-3, yawancinta daga ruɓewar tiritiyom (wani nau'in haidurojin) ake samu, kuma ƙasashe ƙalilan ke da ita. Ba wanda ya tara komai a gidansa, shi ya sa maganar ta wuce malaman jami'a, ta hau teburin gwamnati.

A 2018 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin Yuro biliyan 1 na shekara 10. A shekarar ce Amurka ta yi dokar dala biliyan 1.2 ta shekara 5.

Ku dubi abin da haɗin kai ya haifar. A 2016 Sin ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Micius. Ostiriya ta tanadi tashar karɓa a Graz, kuma a 2017 aka yi hirar bidiyo tsakanin Beijing da Vienna da mabuɗin sirri na kwantam, wato lambar ɓoye saƙo da ake aikawa ta ƙwayoyin haske. A 2025 aka sanar da irin wannan musayar mabuɗi, ta wani tauraro daban, tsakanin Sin da Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, tazarar kilomita 12,900. Tauraron yana aiko ƙwayoyin haske ɗai-ɗai, tashar ƙasa ta cafke su da madubin hangen nesa cikin 'yan mintunan da yake giftawa, galibi da dare. Gajimare yana tare su. A nan Katsina kuwa, hazon hunturu zai rage hasken sosai, don haka duk mai son kafa tasha sai ya fara auna sararin sama na tsawon shekara.

Ƙofar ba a buɗe take baki ɗaya ba. A Satumban 2024 Amurka ta tsaurara sharuɗɗan fitar da kwamfutocin kwantam da kayansu, har da irin wannan firji. Ko da kuɗinka a hannu, sai da lasisi. In ma ya iso, ɗauke wuta na 'yan sa'o'i zai ɗumama shi, a koma jiran kwanaki kafin ya sake sanyi.

A ganinmu, jami'a kamar ta Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-Ma bai kamata ta fara da sayen inji ba. Tun 2016 IBM ta buɗe injinanta ta intanet. Ɗalibi ya ƙware a lissafin matiris, ya koyi harshen kwamfuta na Python da manhajar Qiskit ta rubuta shirin kwantam, ya gwada shirinsa a kwamfutarsa, sannan ya tura wa injin gaske. Mai son zurfafawa ya nemi difilomar shekara ɗaya a cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964.

Rabon gwamnati a nan shi ne wuta da intanet da ba sa yankewa a sashen fiziks, da sakin kason kuɗinta kan lokaci, domin abokan hulɗa na waje kan janye in an yi yarjejeniya an bar su da ɗawainiya su kaɗai. Sai kuɗin bincike ga wanda ya gama karatu ya dawo, ta hanyar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na aƙalla shekara uku.