Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Taron Tunawa da Mambobin Ƙungiya da Suka Rasu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe. Iyayen ƙungiya da dattawanta. Iyalan 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda da gangan muka zaunar a sahun gaba. Mambobi maza da mata. Da duk wanda ya baro aikin gabansa ya zo, ina yi muku sallama.

Ranka ya daɗe, a madadin wannan ƙungiya ina yi maka barka da zuwa, da sannu da hanya. Lokacin da muka aika da takardar gayyata, da yawanmu sun ce wakili za a turo mana. In faɗi gaskiya, har da ni a masu faɗin haka. Ga shi ka zo da kanka ka ba mu kunya, kuma irin kunyar da muke so ce. Zaurenmu ƙarami ne, rabin kujerun nan ma na aro ne, amma ka san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Mun sa taron nan a ranar 5 ga Disamba ne saboda ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe, tun 1985, domin masu aikin sa-kai. A wasu wuraren lambobin yabo ake rabawa rayayyu. Mu kuwa bana mun ga ya fi dacewa mu juya ga waɗanda yabonmu ba zai ƙara kai wa kunnensu ba.

Ka yi mini izini in ɗan yi nisa kafin in dawo gida. A ranar 24 ga Yuni, 1859, an gwabza yaƙi a Solferino da ke arewacin Italiya, aka bar dubban sojoji kwance cikin jini ba mai duba su. Wani ɗan kasuwa daga Suwizalan, Henry Dunant, ya iso yankin kan harkar gabansa, ya ga abin da ya hana shi wucewa. Ya tara mutanen wani gari na kusa, Kastiliyone, galibinsu mata, suka shiga ba da ruwa da wanke raunuka, ba su tambayi wanda ke kwance wa ya yi wa yaƙi ba. Daga nan aka samo tushen ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda aka kafa a Janiba a 1863, kuma a 1901 Dunant ya zama ɗaya daga mutum biyun da suka fara karɓar kyautar zaman lafiya ta Nobel. Ya cancanta, ba mai musu. Amma ranka ya daɗe, ko a cikin masu ilimin da ke wurin nan, wa zai kawo mana sunan mace ɗaya daga matan da suka ɗauki ruwan? Mutanen da muke tunawa da su yau 'yan sahun waɗancan matan ne. Sunayensu na cikin takardar da ke hannunku, kuma za a karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ni aikinsu zan faɗa.

Zan fara da tsohon sakatarenmu, domin littafinsa ne ke gabana a kan teburin nan. Ku dube shi, bangonsa ya ƙoƙe, an ɗinke shi da zare. Ba taron da ya wuce bai rubuta ba: wa ya zo, wa ya aiko da uzuri, me aka yanke, wa aka ɗora wa. Akwai shafin da mutum uku kacal suka halarta saboda ruwan sama, ya rubuta sunayensu, ya rubuta cewa an ɗage taro, ya sa hannu. A lokacin dariya muke yi masa. Idan ya miƙe ya ce zai karanta bayanin taron baya, sai ka ga kowa ya shiga duba agogo. Sai da ya kwanta ciwo muka yi wata uku muna maimaita shawarar da aka riga aka yanke, kowa na rantsuwa cewa ba shi aka ba aikin ba. Sannan muka gane cewa tsohon nan, da biro da gilashinsa mai karyayyen hannu, shi ne ke hana alkawuranmu bin iska.

Ma'ajinmu kuwa, Allah ya jiƙansa, ba zan ce kowa ya ji daɗinsa ba. Ko shugaba ne ya zo ba rasit, haka zai koma hannu rabbana. Ni kaina mun sha yi da shi. Da aka buɗe lissafinsa bayan rasuwarsa, ko sisi bai ɓace ba.

Sai uwarmu, wadda ta ba da ƙarfinta ga rigakafin shan-inna. Matasan da ke nan ba su san yadda cutar nan take a da ba. A 1988, shekarar da duniya ta ɗaura aniyar kawar da ita, an ƙiyasta tana shanye ƙafafun yara kusan 350,000 a shekara, a ƙasashe 125. Ƙungiyar Rotary ta riga ta fara nata yunƙurin tun 1985, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a yankinta na Afirka. Manya sun yi jawabai a ranar, kuma sun kyauta. Sai dai maganin ɗigo biyu ne a bakin yaro, kuma ɗigon ba ya kai kansa. Sai wata ta rataya akwatin sanyi a kafaɗa, ta yi sallama a ƙofar da aka rufe mata jiya, ta zauna ta saurari tsoron uwa ba tare da ta raina ta ba, ta koma gobe, ta koma jibi. An zage ta, an taɓa watsa mata ruwa. Ta dawo ofis tana matse mayafi tana dariya, ta ce gidan nan ai sun fara sakkowa, tunda yau har sun fito. Yaran da ta ɗiga wa magani suna can suna buga ƙwallo, ba su san da ita ba, kuma ba za su sani ba, domin wanda cuta ba ta kama ba bai san an yi masa komai ba.

Na ƙarshe shi ne ya fi yi mini wuyar faɗa, saboda ƙanin bayanmu ne, mu muka zaci shi zai yi mana wannan jawabin wata rana. Jininsa rukunin O ne mai alamar ragi, wanda a halin gaggawa ake iya ƙara wa kusan kowa, ga shi masu irinsa ba su da yawa. Jini ba a ƙera shi a masana'anta, kuma ko an adana shi a firji ba ya wuce mako shida. Don haka duk daren da mai haihuwa ta zubar da jini, dole a sami wani mai rai ya miƙa hannu. Yaron nan ba ya kashe waya. Ya ba da nasa duk lokacin da likita ya yarda, ya kuma haɗa masu bayarwa, ya san rukunin kowa, ya san wanda ke tsoron allura sai an raka shi, ya san wanda ya bayar kwanan nan bai kamata a kira shi ba.

Ga iyalansu: ku kuka biya kuɗin wannan hidima. Ku aka bari da buɗe ƙofa da tsakar dare, ku kuka yi haƙuri da kujerar da ba kowa a kanta ranar hutu. Ba mu taɓa gode muku a gaban jama'a ba, kuma laifinmu ne. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙansu, ya sa aikinsu ya bi su.

Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo, don haka ga kokenmu, guda biyu ne. Jerin masu ba da jinin nan a wayar marigayin yake da kuma kansa. Ranar da ya tafi, rabinsa ya tafi da shi, har yanzu tattarawa muke yi. Muna roƙon ka taimaka mana da kwamfuta da wanda zai koya wa matasanmu adana irin wannan bayani, yadda rasuwar mutum ɗaya ba za ta sake mayar da mu baya ba. Na biyu, ka sa mana baki wurin hukumomin lafiya, a ba mu jami'i ɗaya sananne da za mu riƙa tuntuɓa idan buƙatar jini ta taso da dare. An kawo shawarar mu nemi a sa sunayensu a allon dutse. Mun tattauna, muka tuna da ma'aji, muka san abin da zai ce game da kuɗin, sai muka janye.

Yanzu sabuwar sakatariyarmu za ta karanta sunayen, muna roƙon kowa ya miƙe tsaye. Bayan addu'a za mu saurari jawabinka. Kafin ka tashi kuma, ranka ya daɗe, za a kawo maka littafin nan ka sa hannu a shafin masu halarta na yau, ƙarƙashin sunayen iyalai.

Wassalamu alaikum.