Jawabin Maraba ga Mai Shari'a Babban Jojin Jiha a Wajen Buɗe Bitar Alƙalan Wasan Golf

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya Mai Shari'a, babban baƙonmu na yau, iyayenmu dattawan wannan kulob, ƙwararrun 'yan wasa da suka taho daga nesa da kusa, alƙalan wasa mahalarta bita, 'ya'yanmu masu ɗaukar jaka, 'yan jarida, jama'a maza da mata, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin gudanarwa da dukkan mambobi, ina yi maka sannu da zuwa. Mun san tarin aikin da ka baro a kotu, amma ka amsa gayyatarmu, ka kuma zo da kanka ba ka aiko wakili ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara girma da ɗaukaka.

Muna da dalilinmu na neman alƙali ya buɗe mana wannan bita. A ƙwallon ƙafa alƙalin wasa yana gudu tare da 'yan wasa, usur a bakinsa. A golf kuwa ramuka 18 ne warwatse a cikin makeken fili, ana tafiya bibbiyu ko uku-uku, kuma sau da yawa babu wanda ya ga abin da ya faru sai mai bugun da Allah. Shi ne shaidan farko a kan kansa. A gasar US Open ta 1925, Bobby Jones ya ce ƙwallonsa ya motsa lokacin da yake gyara tsayuwa, ya ci kansa tarar bugu ɗaya, wato ƙarin bugu a lissafinsa a wasan da mai ƙarancin bugu ke yin nasara, alhali jami'an gasar ba su ga motsin ba. A ƙarshe ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka je raba gardama, kofin ya kuɓuce masa. Wasan da aka gina a kan irin wannan amana dole ne dokarsa ta zama wadda mutum zai miƙa wa wuya da zuciya ɗaya.

Dokokin farko da aka rubuta guda 13 ne, a Leith ta ƙasar Scotland, a 1744. Yau hukumomi biyu ne ke riƙe da su, R&A da ke St Andrews da USGA ta Amurka. A 2019 sun yi musu gyaran fuska, suka rage su daga 34 zuwa 24, a 2023 kuma aka ƙara ta 25 domin masu buƙata ta musamman. Tambayar da muke so a tattauna a wannan zama ita ce: shin dokokin nan da tarar da ke cikinsu suna yi wa ƙwararru adalci? Mu da muke fitowa da yamma bayan an tashi daga aiki, tarar bugu biyu ba ta hana mu barci. Shi kuwa wanda wasan ne sana'arsa, bugu ɗaya yana iya zama kuɗin hayar gida da kuɗin makarantar yara.

Ni dai a nawa ganin, duk inda doka take a bayyane, aka sanar da ita tun kafin a fara, kuma ta hau kan kowa, to babu zalunci ko da ta yi ciwo. Doka ta ce kada jaka ta wuce sanduna 14. A gasar Open ta Birtaniya ta 2001, Ian Woosnam yana cikin masu jan ragama a ranar ƙarshe, sai a wurin fara rami na biyu mai ɗaukar jakarsa ya gaya masa cewa sandunan 15 ne. Aka ci shi bugu biyu, David Duval ya ɗauki kofi. Abin tausayi ne ƙwarai, amma ƙirga sanda ba ya ɗaukar minti guda, kuma da an ƙyale shi da an cuci sauran da suka ƙirga nasu. 'Ya'yana masu ɗaukar jaka, ku riƙe wannan labari.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba daban ne, ya Mai Shari'a, kuma a nan nake roƙon ka ɗan ba ni aron kunne.

A gasar Masters ta 1968, ran 14 ga Afrilu, ranar da ya cika shekara 45 a duniya, Roberto De Vicenzo ɗan ƙasar Ajantina ya jefa ƙwallo a rami na 17 da bugu uku. Jama'ar da ke filin sun gani, masu kallon talabijin sun gani. A golf abokin tafiyarka ne ke rubuta maka katin maki, kai kuma ka duba ka sa hannu. Tommy Aaron ya yi kuskure ya rubuta 4. De Vicenzo ya zauna a teburin karɓar kati, a gajiye, ya sa hannu ba tare da ya lura ba. Doka ta ce in ka sa hannu a kan adadin da ya fi na gaskiya yawa, shi ne naka, in kuma ya gaza na gaskiya, an kore ka. Sai jimillar bugunsa ta ranar ta tashi daga 65 ta koma 66, Bob Goalby ya ci gasar da ratar bugu ɗaya, ba a ko je raba gardama ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a ranar nan alƙalami ne ya kori gani. Mutumin bai ci ribar komai ba, hasali ma kansa ya cuta. Har a 2024 an kori Jordan Spieth daga gasar Genesis saboda ya sa hannu a kan 3 inda ya yi 4, a zamanin da kwamfuta ke lissafa kowane bugu. Bayan nan ne hukumar PGA Tour mai shirya gasar ƙwararru a Amurka ta ba 'yan wasa minti 15 su dawo su gyara kati. An yi daidai, sai dai an daɗe ba a yi ba.

Wanda ya fi sosa mini rai shi ne na Lexi Thompson a gasar ANA Inspiration ta 2017. Ranar Asabar, a rami na 17, ta sa alama ta ɗaga ƙwallonta, da ta zo mayarwa sai ta ajiye shi kimanin inci guda daga gurbinsa. Babu alƙalin da ya lura. Ranar Lahadi wani mai kallo a gida ya aiko da saƙon imel. Tana kan gaba, ta gama rami na 12 tana tafiya na 13, aka tare ta aka ce an ci ta bugu huɗu: biyu na ajiye ƙwallo ba a gurbinsa ba, biyu na sa hannu a katin jiya da babu tarar da ba ta ma san da ita ba. Tana hawaye ta ci gaba da wasa har ta kamo, amma Ryu So-yeon ta doke ta a raba gardama. Laifin farko ta yi shi, ban musa ba. To amma kyamara ba kowa take bi ba, masu jan ragama da fitattu take bi. Wadda ke can baya ta yi irin wannan kuskure babu mai gani. Ga kuma hukuncin da ya kwana kafin ya iso. Tun daga farkon 2018 aka daina karɓar ƙorafin masu kallo, aka kuma soke waccan tara ta biyu.

A US Open ta 2016 a filin Oakmont, ƙwallon Dustin Johnson ya motsa a rami na biyar, alƙalin da ke tare da shi ya ce ya ci gaba, sai a na 12 aka zo aka ce masa wataƙila a ci shi tara, sai an gama za a yanke. Shi da abokan takararsa suka ƙarasa gasar ba wanda ya san ainihin makinsa. Ya ci kofin duk da haka, kuma yanzu babu tara a kan wanda ya motsa ƙwallo bisa kuskure a dandalin rami. Sai batun jan ƙafa. Shekara da shekaru ana kuka da manyan 'yan wasa masu ɓata lokaci, da wuya ka ji an ci ɗayansu bugu, amma a Masters ta 2013 yaro ɗan shekara 14 daga ƙasar Sin, Guan Tianlang, shi aka ci. Ko da ya yi jinkirin, dole mutane su tambaya ina aka bar sauran.

Ranka ya daɗe, wasan nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Filin Rayfield na Jos ya haura shekara ɗari, kuma Sandy Lyle da Vijay Singh duk sun ci gasar Nigerian Open kafin duniya ta san su sosai. Amma ƙwararrunmu da yawa daga ɗaukar jaka suka fara. Da ido suka koyi bugu, da kunne suka koyi doka, littafin kuwa da Turanci yake. Wani har yanzu zai miƙe hannu ya saki ƙwallo daga kafaɗa, alhali tun 2019 daga tsayin gwiwa ake saki. Wani zai yi ta tonon ciyawa yana neman ƙwallo yana zaton minti biyar gare shi, alhali uku ne. Mutumin da ya biya kuɗin mota da masauki daga aljihunsa bai kamata ya fara jin wata doka a ranar da aka ci shi tararta ba. Saboda haka kwamitinmu ya ƙudura rubuta ƙa'idojin filin nan da Hausa, har da abin da za a yi lokacin hunturu in ƙasa ta bushe iska tana tura ƙwallo, a liƙa su a wurin fara rami na ɗaya, a kuma karanta wa kowa kafin gasa.

Roƙonmu gare ka guda ne. A golf hukuncin alƙalin wasa ko na kwamiti shi ne na ƙarshe, babu ɗaukaka ƙara. Wannan nauyi ne babba a kan matasan da ke zaune a gabanka. Muna so ka koya musu yadda ake sauraron mutum har ya gama kafin a yanke masa hukunci, yadda ake auna maganar shaida, da yadda ake kallon zakara da sabon shiga da ido ɗaya. In hali ya yi, ka haɗa mu da ɗaya daga cikin alƙalanka da suka yi ritaya ya riƙa zama da kwamitinmu.

Ya Mai Shari'a, nan gidanka ne. Bayan jawabinka za mu raka ka wurin fara rami na ɗaya ka yi mana bugun buɗe taro, an riga an tanadi sanda da ƙwallo. Allah ya ƙara maka lafiya, ya mayar da kai gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.