Ƙuri'ar Kano ta 1979 da Lissafin Sha Biyu da Biyu Bisa Uku

(An rubuto wannan lacca daga rikodin, an rage maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, iyaye mata, ɗalibai, ina gaishe ku. Na can baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan zaɓe. Na ce zaɓe kogi ne, sai dai mutum ya ɗebo moɗa guda. Wadda na ɗebo ita ce jihar Kano, ranar Asabar 11 ga Agusta 1979, ranar da aka zaɓi shugaban ƙasa na jamhuriya ta biyu. Ɗalibai ku lura, in na ce Kano a wannan zance, har da Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Birnin Kudu nake nufi, domin ba a yanke Jigawa ba sai 1991.

A ranar ina saurayi, shekaruna ba su isa jefa ƙuri'a ba, amma ni na raka mahaifiyata rumfar zaɓe. Tsakiyar azumi ne, kuma tsakiyar damina. Ita da ƙawayenta ba su taɓa zaɓen shugabannin ƙasa ba sai a wannan shekarar, saboda a jamhuriya ta farko matan Arewa ba su da ƙuri'a. Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba sun daɗe suna faɗa a kan wannan, Hajiya Gambo har kurkuku ta sha shiga. Da muka dawo gida na tambaye ta wa ta zaɓa, sai ta kalle ni ta ce, "Kai kuwa, akwai wani ne ban da mabuɗi?" Mabuɗi shi ne tambarin PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano.

Jam'iyyu biyar hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa rajista. NPN ta tsayar da Alhaji Shehu Shagari, UPN Cif Obafemi Awolowo, NPP Dokta Nnamdi Azikiwe, GNPP Alhaji Waziri Ibrahim mai siyasa ba da gaba ba, PRP kuma Malam Aminu Kano. Zaɓen shugaban ƙasa shi ne na biyar a jere, an fara da na majalisar dattawa tun 7 ga Yuli. Kafin a kai gare shi kowa ya ga inda Kano ta dosa: kujerun sanata biyar duk PRP ta kwashe, Muhammadu Abubakar Rimi ya ci gwamna.

Ga abin da aka ƙirga. Ƙuri'un Kano gaba ɗaya 1,220,763. Malam Aminu ya samu 932,803, wato kashi 76 da ɗoriya cikin 100. Shagari ya samu 243,423, kashi 19.94. Awolowo da Azikiwe da Waziri Ibrahim, su ukun a haɗe, ba su kai kashi 4 ba. Ku rubuta lambar nan ta Shagari, za mu dawo kanta.

Tambayar farko: me ya sa? Littattafan da ake koyar da ku sukan ce zaɓen 1979 na ƙabilanci ne, kowa ya bi ɗan gidansu. Da gaskiya a ciki, domin Awolowo ya share jihohin Yarabawa huɗu, Azikiwe ya share Imo da Anambra. Amma wannan bayani in ya iso ƙofar Kano sai ya gaji. Shagari Bafulatani ne, Musulmi, tsohon malamin makaranta, daga ƙasar Sakkwato. Malam Aminu ma Bafulatani ne, Musulmi, tsohon malamin makaranta, daga gidan malamai da alƙalai. Bakano da ya tsaya gaban akwati, ba harshe ba ne ya raba masa mutanen nan biyu, ba kuma addini ba. Wani zai ce ai Malam ɗan gari ne. Na ji. To a 1993 Alhaji Bashir Tofa ma ɗan gari ne, kuma Abiola ya kayar da shi a Kano. Zama ɗan gari kaɗai bai taɓa isar Kanawa ba.

Abin da mutane suka jefa a akwati a ranar, tunawa ce. An kafa NEPU, tsohuwar jam'iyyar da Malam Aminu ya jagoranta, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma tun daga lokacin maganarta ɗaya ce, talaka da abin da ake yi masa. Dattawan da ke nan sun sani. Lokacin haraji ya zo, mai unguwa ya bi gida gida, wanda bai da kuɗi ya sayar da akuyarsa ko ya ɗebi hatsin rumbu, wanda ya kasa a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. Bafulatani ya ɓoye shanunsa a daji saboda jangali. Ga aikin tilas a gandun masu sarauta. Ga 'yan dokar En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna, ga kotun alƙali wadda ɗan NEPU ke shiga da ƙafarsa saboda ya yi lacca ba izini, ya fito da wata shida. Manomin da gyaɗarsa ta tada dalar gyaɗa a Kano, har ake buga hotonta a takardun gwamnati, shi ne wanda ake ɗaurewa a kan sulalla. Wannan duk ya faru a idon mutanen da suka yi layi a 1979. Shekarun soja goma sha uku ba su goge shi ba. Da aka ɗage takunkumin siyasa a Satumbar 1978, talakan Kano ya dubi NPN ya ga fuskokin NPC, jam'iyyar da ta mulki Arewa a jamhuriya ta farko, ya dubi PRP ya ga NEPU ta sake riga.

A nan zan yi wa NPN adalci. Mutum 243,423 ba ƙananan mutane ba ne, kuma ba dukkansu 'yan fada ba ne. Da attajirai, da ma'aikata, da waɗanda suka yi imani cewa in Arewa ta rarraba ƙuri'arta mulki zai kuɓuce mata, da waɗanda kawai suka ga Shagari mutum ne mai natsuwa. Hujjarsu ba ta banza ba ce: Malam Aminu ya samu 1,732,113 a ƙasa baki ɗaya, fiye da rabinsu daga Kano kaɗai. In ka cire Kano da Kaduna, PRP ba ta da ƙarfin a zo a gani. Mai zaɓen Malam ya san Malam ba zai shiga Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin a Legas, ba, kuma ya zaɓe shi.

Yanzu mu zo inda lissafi ya ɓaci.

Dokar zaɓe ta ce ba yawan ƙuri'a kaɗai ke ba da shugabanci ba. Sai ɗan takara ya samu aƙalla rubu'i, kashi ɗaya bisa huɗu, na ƙuri'un da aka jefa a kowace ɗaya daga aƙalla biyu bisa uku na jihohin tarayya. An sa wannan ne saboda darasin yaƙin basasa, don kada wani ya hau mulki da ƙuri'ar yankinsa kaɗai. Niyya ce mai kyau. Sai dai jihohin 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku.

Shagari ya fi kowa ƙuri'a, 5,688,857, Awolowo na bin sa da 4,916,651. Ya samu rubu'i a jihohi 12: Bauchi, Bendel, Binuwai, Borno, Kuros Riba, Gongola, Kaduna, Kwara, Neja, Filato, Ribas da Sakkwato. A sauran bakwai, inda ya fi matsowa kusa ita ce Kano. Rubu'in ƙuri'un Kano 305,191 ne. Abin da ya rage masa bai kai 62,000 ba. A jihar da masu rajista suka haura miliyan 5, wadda kusan miliyan 4 daga cikinsu ba su fito ba. Wasu na gona, wasu azumi ya kwantar da su, wasu sun gaji da layi karo na biyar, kuma rajistar kanta da wuya a ce babu kumbure a cikinta.

Kafin wannan rana, abin da kowa ya ɗauka shi ne biyu bisa uku na 19 jiha 13 ce. FEDECO da kanta, lokacin rajistar jam'iyyu, da 13 ta yi aiki. Idan ba wanda ya cika sharaɗi, doka ta ce a tara 'yan majalisun tarayya da na jihohi su zaɓa tsakanin na ɗaya da na biyu. Sai lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya fito ya ce biyu bisa uku na 19 sha biyu ne da biyu bisa uku. Saboda haka jiha ta goma sha uku ba dukkanta ake buƙata ba, sulusinta biyu ake buƙata. Sulusi biyu na ƙuri'un Kano 813,842 ne. Rubu'in wannan, 203,460 da rabi. Shagari na da 243,423. Ya wuce. Ranar 16 ga Agusta FEDECO, ƙarƙashin Cif Michael Ani, ta bayyana Shagari a matsayin wanda ya ci.

Malaman rabon gado da ke cikinmu, ku da kuka saba da sulusi da rubu'i da sumuni, na san kun riga kun hango matsalar. In ka rage dukiya zuwa sulusi biyu, dole rabon kowane magaji ya ragu da ita. Ba a rage uwar kuɗi a bar kason mutum ɗaya cikakke. In an ɗauki sulusi biyu na ƙuri'un Kano, sai a ɗauki sulusi biyu na ƙuri'un Shagari, 162,282, kuma wannan bai kai 203,460 ba. Kashi 19.94 ne, ko ta ina ka juya shi. Sannan wane sulusi biyun? Kano na da ƙananan hukumomi 20 a lokacin. Farfesa Ayodele Awojobi, injiniya, ya ba da shaida a gaban kotun sauraron ƙarar zaɓe cewa akwai hanyoyi 38,760 da za a iya harhaɗa ƙananan hukumomin a ce ga biyu bisa uku na Kano. Da Rano za ka haɗa ko da Ringim? Da Wudil ko da Gwarzo? Jiha kamar jaki ce a cikin gado, ba a yanka shi a ba kowa cinya.

Awolowo ya kai ƙara, kotun zaɓe ta kore ta, ya ɗaukaka zuwa Kotun Ƙoli. Ranar 26 ga Satumba 1979, saura kwana biyar a miƙa mulki, alƙalai bakwai ƙarƙashin Babban Joji Atanda Fatai-Williams suka yanke hukunci. Mafi rinjaye suka tabbatar da Shagari. Mai shari'a Obaseki bai gamsu da lissafin ba, amma ya ce saɓanin bai kai a rushe zaɓe ba. Mai shari'a Kayode Eso shi kaɗai ya tsaya ya ce jiha ba ta gutsuruwa, 13 ake nema, kuma ba a samu ba.

Kuna so ku ji ra'ayina, zan faɗa. A lissafi da lafazin doka, Eso ne ke da gaskiya, kuma ban taɓa jin hujjar da ta kawar da ni daga nan ba. Amma ba na zagin sauran alƙalan, domin na san abin da ke jira a ɗaya ƙofar. A ce an tara 'yan majalisa ɗaruruwa a ɗaki, kowa da aljihunsa, kowace jam'iyya da cinikinta, soja na tsaye a waje da bindiga yana duban agogo. Kanawa sun fi kowa sanin irin wannan zaɓe na wakilai. A 1951 NEPU ta ci zaɓen matakin farko a birnin Kano, aka bi da ita hawa hawa ta hannun wakilai da naɗaɗɗun En'e, har aka kai majalisar Kaduna ba ta da kujera ko ɗaya. Su kansu sojojin, kafin su sauka, sun cire tsarin wakilan daga kundin mulki suka mayar da shi zagaye na biyu na jama'a. Laifin da nake gani ya fi girma yana kan waɗanda suka rubuta dokar. Manyan lauyoyi da masana sun zauna wata da watanni, jihohi 19 na gabansu tun 1976, babu wanda ya rubuta lamba 13 ƙarara a takarda. Wannan sakacin ya sa miliyoyin 'yan ƙasa suka shiga jamhuriya ta biyu suna ganin an yi musu fashi, kuma wannan miki bai warke ba har soja suka dawo ranar 31 ga Disamba 1983.

Abin da ke taɓa zuciyata a labarin nan shi ne yadda Kano ta yi magana da baki biyu, kuma aka ji duka biyun. Mutum dubu ɗari tara da ɗoriya suka ce ba sa son Shagari, har suka hana shi jiha ta goma sha uku. Mutum dubu ɗari biyu da arba'in da uku suka zaɓe shi a unguwannin da faɗin "NPN aminci" kan jawo wa mutum jifa, suka koma gida suna ganin sun yi asarar ƙuri'a. Ƙuri'arsu ce aka ɗora a sikeli a Legas aka naɗa shugaban ƙasa da ita. Wani maƙwabcinmu tela yana cikinsu. Sati guda bai buɗe shago ba bayan zaɓen gwamna saboda tsokanar yara, amma ranar 11 ga Agusta ya sake fita da asuba ya yi layi.

Masu rinjayen ma ba su tashi a tutar babu ba. Ranar 1 ga Oktoba, Janar Olusegun Obasanjo ya miƙa wa Shagari mulki a Legas, Akinjide ya zama ministan shari'a. A Kano kuwa Rimi ya hau, ya soke haraji da jangali, Gwamna Balarabe Musa na PRP ma ya yi haka a Kaduna. Abin da ya biyo baya, rabuwar PRP zuwa ɓangarori biyu, santsi da taɓo, tsige Balarabe a 1981, rasuwar Malam a Afrilun 1983, wannan laccar wata rana ce. Ni dai na ga ranar da labarin soke haraji ya iso ƙauyen kakannina. Kakana yana da wata tsohuwar jakar fata da yake tara rasiɗan haraji tun zamanin Turawa, don kada wata rana a ce bai biya ba. Ya sa aka ɗauko ta, ya zazzage a kan tabarma, ya ce in ƙirga masa. Na ƙirga talatin da takwas. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure bakin jakar, ya ce a ajiye, bai yarda ba tukuna sai kaka ta wuce bai ga mai unguwa ba.

Shugaban taro ya miƙo mini takarda cewa lokacin la'asar ya yi. In an idar da salla sai mu karɓi tambayoyi. Wassalamu alaikum.