Barade Ba Dawakai: Lacca Kan Rundunar Rough Riders Ta 1898 Da Masu Kwaikwayonta

Assalamu alaikum. Malamaina da ke sahun gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To, madalla.

A Amurka akwai mutanen da ke da wata al'ada: ranar hutu sai su sa kayan sojan da, su ɗauki tsofaffin bindigogi, su fita fili su kwaikwayi yaƙin da aka yi tun kakanninsu ba su zo duniya ba. Malamin makaranta ne, direba ne, ɗan fansho ne, da kuɗin aljihunsa yake ɗinka kakin. Yau zan ɗauki runduna guda daga cikin waɗanda ake kwaikwaya, mu ga me takardu suka ce a kanta, sannan mu ga abin da ake nuna wa 'yan kallo. Sunanta a hukumance Runduna ta Ɗaya ta Sojan Doki 'Yan Sa-kai, amma duniya ta san ta da Rough Riders.

Ranar 15 ga Fabrairu 1898 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Maine ya tarwatse a tashar Havana ta Kyuba, mutum sama da 260 suka mutu. Kyuba a lokacin tana hannun Sifaniya, 'yan ƙasar kuma sun shekara uku suna yaƙin neman 'yanci. Jaridun Amurka suka ɗora wa Sifaniya laifi, a watan Afrilu aka shelanta yaƙi. Sojan Amurka na dindindin ba su da yawa, sai aka buɗe ƙofa ga 'yan sa-kai. Theodore Roosevelt, wanda yake mataimakin sakataren sojan ruwa, ya ajiye aikinsa ya shiga. Mutane da yawa suna zaton shi ne shugaban rundunar tun farko. A'a. Kanar Leonard Wood ne, likitan soja. Roosevelt laftanar-kanar ne a ƙarƙashinsa, sai a Kyuba da aka ƙara wa Wood girma ya karɓi ragama.

An ɗebo mutane sama da 1,000 daga Arizona, New Mexico, Oklahoma, yankin Indiyawan asali da Texas: makiyayan shanu, maharba, masu haƙar ma'adinai, 'yan doka. Aka gauraya su da 'ya'yan masu kuɗi daga jami'o'i irin su Harvard da Yale. A watan Mayu suka yi horo a San Antonio, a kan dawakai, safe da yamma. Daga nan jirgin ƙasa ya kwashe su da dabbobinsu zuwa Tampa a jihar Florida.

To, a Tampa ne labarin ya juya, ku riƙe wannan. Jiragen ruwa sun yi kaɗan. Cikin ƙungiyoyi 12 na rundunar, 8 kaɗai aka ce su hau, 4 suka zauna gadin dabbobi. Dawakai kuwa aka bar su nan, in ban da na manyan hafsoshi. Mutanen da aka zaɓo don gwanintar sukuwa, ga su za su tafi yaƙi a ƙasa. Ko isa bakin ruwa sai da suka yi dabara, suka hau taragon kwal, suka rigayi wasu rundunoni biyu shigewa jirgin Yucatan. Ranar 22 ga Yuni suka sauka a Daiquirí. Babu matsaya ta kirki, sai aka riƙa tura dabbobi cikin teku su yi iyo. Ɗaya daga cikin dawakan Roosevelt biyu ya nutse a nan. Wanda ya tsira, Little Texas, shi ya hau ranar 1 ga Yuli lokacin da aka tasam ma tudun Kettle kusa da birnin Santiago, mutanensa suna biye da shi da ƙafa. Shi ma da ya iske shingen waya kusa da ƙololuwa sai ya sauka ya saki dokin.

Kun ga matsalar mai kwaikwayo ke nan. Mu da muka tashi muna kallon hawan sallah ba sai an gaya mana ba, doki shi ke tara jama'a. Mai shirya biki yana son sukuwa da ƙura da takobi tsirara. Mai bincike kuwa ya san cewa in dai yaƙin Kyuba za a nuna, doki ɗaya ko biyu ya isa, takobi ma ba ya cikin makaman da Wood ya horar da su a kai. Wanda yake son hawa, sai ya kwaikwayi sansanin San Antonio ko na Tampa, can ne sirdi da linzami suke da gurbi. Ƙungiyar masu kwaikwayo da ta san abin da take yi, tun kafin ta fita take yanke shawara: yau wace rana muke nunawa, a wane wuri?

Wannan ruɗani kuma ba na jiya ba ne. A 1899, shekara guda kacal bayan yaƙin, Buffalo Bill ya sa harin San Juan, wato tudun da ke maƙwabtaka da Kettle, cikin wasan dawakansa da yake yawo da shi gari-gari, har da wasu tsofaffin 'yan rundunar a ciki. Sunan Rough Riders ma daga wasan nasa 'yan jarida suka aro shi. Ashe tun waɗanda suka yi yaƙin suna da rai aka fara yi masa kwalliya. Saboda haka in tsoho ya ba da labari bayan shekara 40, sai ka tambayi kanka: abin da ya gani a tudu yake tunawa, ko abin da ya yi a filin wasa?

Ina ake samun gaskiya? Farko, gidan adana takardun gwamnati da ke Washinton. Akwai rajistar kowace ƙungiya da takardar aikin kowane soja: sunansa, inda ya shiga, yaushe ya kwanta ciwo, yaushe aka sallame shi. Sai takardun neman fansho, waɗanda ni na fi so, domin a nan ne mutum yake daina cika baki. Wanda ke neman kuɗin jinya ba ya ba da labarin jarunta, zazzaɓinsa yake lissafawa, matarsa da maƙwabtansa suna ba da shaida. Sai hotuna, sai wasiƙu, sai kayan da aka adana a gidan tarihin garin Las Vegas na New Mexico. Ba Las Vegas ta caca ba, ɗalibai, na ga kuna murmushi, wata ce daban. A can tsofaffin 'yan rundunar suka yi taronsu na farko a 1899. Na ƙarshe da ya rage a raye cikinsu, Jesse Langdon, ya rasu a 1975.

Masu kwaikwayo na ƙwarai sukan ɗauki sunan soja guda daga rajista su bi shi har ƙarshe. Daga nan sai a zo kan kaya. Rigar ulu shuɗiya, wandon kanfas ruwan ƙasa, malafa mai faɗin baki, ƙyalle a wuya. Ulu, jama'a, a zafin Kyuba na watan Yuli. Wanda ya sa wannan riga ya hau tudu da rana tsaka, ɗauke da bindiga da bargo, ya fahimci abin da ya sa suka riƙa zubar da kayansu a hanyar Las Guásimas, inda suka yi arangamarsu ta farko ranar 24 ga Yuni. Wannan shi ne amfanin kwaikwayo a wurina, jiki yana gane abin da ido ke tsallakewa a takarda. Roosevelt kam nasa kakin a shagon Brooks Brothers na New York ya sa aka ɗinka masa, to kada kurtu ya fito da irin ɗinkin kanar.

Sai bindiga. Yawancin 'yan sa-kai tsohuwar Springfield aka ba su, mai baƙin albarushi, wadda in ka harba hayaƙi zai tona inda kake. Wood ya yi amfani da sanayya ya samo wa mutanensa Krag-Jørgensen irin ta sojan dindindin, mai harsashi marar hayaƙi. Sifaniyawa kuma Mauser suke riƙe da ita, ita ma ba hayaƙi. Abin da ya fi damun Amurkawa a dajin nan shi ne ana harbinsu ba sa ganin mai harbi. 'Yan kallo suna son hayaƙi ya turnuƙe fili, amma in ya tashi daga sahun Rough Riders an yi wa tarihi ƙari.

Yanzu ga wanda ya fi nauyi. Ba su kaɗai suka hau tudun ba. Tare da su akwai runduna ta 9 da ta 10 ta sojan doki, baƙaƙen fata, sojan dindindin da ake kira Buffalo Soldiers, su ma a ƙasa. John Pershing, wanda daga baya ya jagoranci sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, laftana ne a ta 10 a ranar. Bindigogin Gatling na Laftana John Parker su suka karya lagon Sifaniyawa masu tsaron tudun San Juan. Masu tsaron nan ba su kai 1,000 ba, kuma sun yi ɓarna ƙwarai kafin su ja da baya. Da Roosevelt ya rubuta nasa labarin a 1899, ya ce wasu baƙaƙen sojoji sun fara zamewa baya har sai da ya zare musu ƙaramar bindiga. Saje Presley Holliday na runduna ta 10 ya mayar masa da martani a jaridar New York Age, ya ce umarni aka ba su su kai masu rauni baya su ɗauko kayan haƙa rami. Mai bincike dole ya ajiye takardun biyu gefe da gefe. Ni dai na fi karkata ga sajen, domin shi ba kujerar siyasa yake nema ba. Roosevelt kuwa a watan Nuwamban 1898 ya ci zaɓen gwamnan New York, a 1901 ya zama shugaban ƙasa. Jarumi ne, ba na musu, amma jarumin da ya iya tallar kansa.

Haka nan mayaƙan Kyuba na Janar Calixto García, waɗanda suka share wa Amurkawa hanyar sauka. Ranar 17 ga Yuli da Santiago ta miƙa wuya, Janar Shafter, kwamandan sojan Amurka a can, bai bar su shiga bikin ba. Duk kwaikwayon da ya fito da fararen barade zalla ya maimaita wannan wariya, ko da masu yinsa ba su yi niyya ba.

Akwai kuma abin da ba ya kwaikwayuwa. A wannan yaƙi cuta ta kashe sojan Amurka fiye da harsashi nesa ba kusa ba: taifot a sansanoni, zazzaɓin cizon sauro da shawara a Kyuba. A tsakiyar Agusta aka kwaso rundunar zuwa Montauk da ke Long Island aka killace ta, ranar 15 ga Satumba aka rushe ta. Duka rayuwarta ba ta kai wata biyar ba. Ba wanda zai biya kuɗin ƙofa ya kalli mutum yana makyarkyata a tanti, shi ya sa nake ganin tantin asibiti da mai bayani a bakinsa ya fi sukuwa goma faɗin gaskiya.

Malam mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da 'yar'uwarmu can gefen taga.